Badagry Da Rabonmu A Cikin Tarihinta



A Agege aka haife ni, a gidan 'yan goro, kuma na shafe sama da shekara talatin a Legas kafin rigingimun da suka fara daga 1999 su sa mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ce mu tattara mu komo tushe, wato nan Unguwar Wambai a Suleja. Abin kunya, a duk tsawon shekarun nan ban taɓa sauka a Badagry ba. Na sha jin 'yan kamasho a Mile 2 suna kiran sunanta, na kuma sha wucewa ta gefenta in za mu Kwatano, amma mu a lokacin ba mu ɗauke ta a matsayin gari ba. Hanya ce kawai mai shingayen jami'ai da buhunan shinkafa da dilolin gwanjo. Sai da na dawo nan, inda babban ruwanmu shi ne rafin Iku, sannan Allah Ya nufa na je na kwana uku a garin, albarkacin sunan da aka yi a gidan ƙanena mai sayar da albasa a kasuwar Agbalata.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani wata magana ce da babban ɗan ƙanen nawa ya faɗa mini. Yaron shekararsa goma sha huɗu, can aka haife shi, Yarabanci da Egun sun fi Hausa zama a bakinsa. Washegarin suna na ce ya raka ni in ga wuraren tarihin da ake faɗa. Sai ya ce, "Baffa, an taɓa kai mu daga makaranta. Ai tarihin 'yan gari ne da Turawa, mu baƙi ba ruwanmu." Ban ce masa komai ba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma da irin wannan tunani na tashi a Agege. To ga abin da na gani, ga kuma abin da na sani daga karance-karance, don duk wanda Allah Ya kai shi garin ya san me zai duba, ya kuma san inda sawun kakanninsa yake.

Badagry ƙaramin gari ne a yammacin Legas, dab da kan iyakar Seme. Ba a bakin teku kai tsaye yake ba. A gabansa akwai wani dogon ruwa kwance, mai bi ta gabas har Legas, ta yamma har Porto-Novo, sai wani siririn tudun rairayi mai cike da itatuwan kwakwa, a bayansa ne teku take. Wannan tsari shi ne arzikin garin a da: manyan jirage su tsaya can cikin teku, kwale-kwale su yi ta jigila a ruwan da ke kwance ba tare da fargabar igiyar ruwa ba. Masu garin su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, sarkinsu kuma ana ce masa Akran. Su suna kai asalin garinsu ƙarni na 15. Amma masanan da suka bi takardun Turawa sun nuna cewa garin bai yi suna a harkar ciniki ba sai a shekarun 1730, bayan da Agaja Sarkin Dahomi ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, jama'a suka watso gabas neman mafaka. Cikin waɗanda suka biyo su har da wani Baturen Holan mai suna Hendrik Hertogh, wanda 'yan gari ke kira Huntokonu, shi ya kafa wurin cinikinsa a nan. Da na ji haka sai na yi murmushi, don kuwa labarin garinmu ne sak. Mu ma nan gudun yaƙi ne ya kafa mu: Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a farkon shekarun jihadi ya zauna Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ta koma Suleja bayan da babban birnin tarayya ya karɓe sunan. Ashe masu kiran wani baƙo su ma wata rana da kaya a ka suka iso.

Mun fara yawonmu daga titin bakin ruwa da suke kira Marina, inda kusan duk abin kallo yake a jere, ana iya zagawa da ƙafa. A nan muka ɗauki wani saurayi ɗan gari da ke yi wa baƙi jagora. Ya fara kai mu gidan adana kayan tarihi da ke cikin tsohon ofishin Di'o, ginin 1863, shekarar da Ingila ta haɗe Badagry da Legas a ƙarƙashin mulkinta. Daga nan sai ƙaramin ɗakin tarihi na gidan Mobee, ɗaya daga cikin gidajen sarautar garin da suka yi cinikin bayi. A nan ne za a miƙo maka sarƙar wuya a ce ka ɗaga. Mai karatu, ka ɗaga ɗin. Duk abin da ka karanta a littafi bai kai nauyin ƙarfen nan a hannunka ba. Akwai mari na ƙafa, akwai ƙanana da aka ƙera don yara, akwai wani ƙarfe da aka ce da shi ake kulle leɓe. Yaron da ya ce ba ruwansa na ga ya yi shiru.

To yaya aka yi Bahaushe ya shigo cikin wannan labari? Ta hanyar Oyo. A ƙarshen ƙarni na 18 daular Oyo ce ke riƙe da hanyar da ta taso daga bakin Kwara, ta ratsa ƙasar Egbado, ta sauka Badagry da Porto-Novo. Bayin da Oyo ke sayar wa Turawa ba duka 'yan ƙasarta ba ne, da yawa daga arewa ake sayo su, ta hannun Nufawa da Bargawa. Yaƙe-yaƙen da sarakunan Gobir da Katsina da Zamfara da Kano suka yi ta gwabzawa a tsakaninsu sun samar da kamammu, bayan 1804 kuma da jihadi ya kankama abin ya ƙaru, kowane ɓangare na kama na ɗaya. Wasu sukan tsaya a Oyo, ana sa su kiwon dawaki da shanu, da wanzanci, da tufkar igiya. Yawansu ya kai har a 1817 da Afonja na Ilori ya yi wa Alafin tawaye, su ya kira suka mara masa baya. Waɗanda ba su tsaya ba kuwa, teku ce makomarsu. Sunan nan da Yarabawa ke kiranmu da shi har yau, Gambari, tun wancan zamani yake.

Nan ne kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Mutanenmu ba a cikin sarƙa kaɗai suke a wannan labari ba, akwai namu a cikin masu riƙe da bakin sarƙar. Hujja a rubuce take. A 1824 da Baturen nan Hugh Clapperton ya ziyarci Sakkwato karon farko, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, a ciki ya yi alkawarin hana fatakensa fitar da bayi zuwa Attagara da Dahomi da Ashanti. Ba a alkawarin hana abin da ba a yi. Abin da ya fi damun shugabannin Sakkwato shi ne kada a sayar wa Nasara da Musulmi ɗa, amma bautar kanta ta ci gaba a ƙasarmu har Turawa suka zo. Dokar Lugga ce ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Wato a zamanin kakanninmu na kusa, ba a zamanin Annabi Nuhu ba. Mu nan Suleja ma ba mu da bakin nuna wa wani yatsa, Sarkinmu Ibrahim Iyalai ba don wasa aka yi masa laƙabi da Dodon Gwari ba.

Wurin da ya fi ɗaure mini kai a garin shi ne gidan Seriki Williams Abass, wanda ake kira kurkukun bayi na 'yan Barazil. Tsakar gida ce da ɗakuna a zagaye, an ce arba'in ne, kowanne ɗan ƙarami da 'yar taga can sama wadda hannu ma da ƙyar zai shiga. Yawancin ɗakunan yanzu jikokin gidan ne ke zaune a ciki, ga shanya, ga murhu, ga yara na wasa, an dai ware kaɗan don masu kallo. An ce mutum arba'in ake cusawa a ɗaki guda. Mun shiga mu biyar aka ja ƙofa, ban yi minti biyu ba na ce a buɗe. Suna nuna wata tsohuwar laima da aka ce an ba da mutum arba'in a kanta, da tangaran da kwalabe da su ma da mutane aka saye su. Shi mai gidan, bisa labarin da zuriyarsa ke bayarwa, Bayarabe ne daga ƙasar Egbado da aka kama yana yaro. Ya bauta wa wani Musulmi mai suna Abassa, daga baya aka sayar da shi ga wani mai suna Williams, sunayen iyayen gijinsa biyu ke nan ya haɗa. Ya samu 'yanci, ya yi dukiya, ya zama jagoran Musulmin garin, ya yi sarauta a ƙarƙashin Turawa, ya rasu a 1919, kabarinsa na nan cikin gidan. Lissafin shekarun dai ya ɗan tsaya mini, don ana cewa an gina kurkukun a shekarun 1840, wanda kuwa ya rasu a 1919 a wancan lokaci bai wuce yaro ba. Ko dai ya gaji wurin ne, ko labarin ya cakuɗe a bakin masu ba da shi. Amma abin da na nuna wa ɗan ƙanena shi ne kalmar farko ta sunan. Na ce masa, "Seriki ɗin nan me ka ji?" Ya yi jim, ya ce, "Sarki?" Na ce to, ka ga ɗaya. Kalmarmu ce, ta riga kakanka zuwa garin nan, kuma ba kalma ke tafiya ita kaɗai ba, mutane ke ɗauke da ita.

Gaba kaɗan akwai farin benen nan na 'yan mishan, wanda aka kammala a 1845 a hannun wani limamin coci mai suna Gollmer. A ciki akwai ɗakin da aka ce Samuel Ajayi Crowther ya zauna, da tsohon Baibul na Yarabanci. Ya kamata a shiga, ko don Crowther ɗin, wanda shi ma mahara ne suka kama shi yana yaro a 1821, kuma a cikin maharan akwai Musulmi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822. Sai dai inda na yi gardama shi ne da jagoranmu ya ce wannan ne bene na farko a Nijeriya. Na ce masa ya dai ce bene na farko irin na Turawa. Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da gidaje masu hawa biyu ya kuma rubuta, hasumiyar Gobarau kuwa tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin a aza tubalin wannan gida. Saurayin ya yi dariya ya ce shi haka aka koya masa. Ban ga laifinsa ba, laifinmu ne da ba ma rubuta namu. A kusa da nan akwai alamar da aka kafa a gurbin itacen Agia, inda Thomas Birch Freeman ya fara wa'azin Kiristanci a watan Satumba na 1842. Itacen ya faɗi a 1959.

Yanzu bari in zo kan mutumin da saboda shi nake ganin ya wajaba kowane Bahaushe ya san Badagry. Sunansa Abubakar, Bagobiri ne, Turawa suna kiransa William Pasko. An kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu ta hanyar Gwanja har Wida, aka zuba shi a jirgin Turawan Fotugal. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su, ya samu 'yanci, ya zama ma'aikacin jirgin ruwan sojan Ingila. A ƙarshen 1825 da Clapperton ya dawo karo na biyu don ya isa Sakkwato ta kudu, a Badagry ya sauka, tare da baransa Richard Lander, da Abubakar a matsayin tafinta. Daga wannan bakin ruwa suka kama hanya a watan Disamba, suka bi ta tsohuwar Oyo, da Kayama, da Busa, suka haye Kwara, suka ratsa Nufe da Zariya da Kano har Sakkwato. Ka duba shekarar: 1825, shekarar da Makau ya rasu a yaƙin Lapai. Lokacin da kakanninmu ke neman inda za su kafa gari a gindin duwatsun nan, wani Bahaushe da ya riga ya ga teku ya ga Turai yana tafe daga Badagry zuwa gida da ƙafa.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Lander ya rubuta yadda ya sha sulalewa da kayan ayari, ya sha ɗaura aure a garuruwan da suka yada zango, a kamo shi a yafe masa don ba a iya tafiya sai da shi. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Lander, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna Nasara Ƙarami, ya juyo da takardun maigidansa, Abubakar na tare da shi, suka iso Badagry a watan Nuwamba. A nan dillalan bayi 'yan Fotugal suka kai shi ƙara wurin manyan gari cewa ɗan leƙen asiri ne, aka yanke masa hukuncin shan gwaska: in ya mutu mai laifi ne, in ya rayu an wanke shi. Ya shanye, ya ruga masauki ya sha maganin amai, ya tsira. 'Yan gari suna nuna wurin da aka yi wannan shari'a a Vlekete, inda tsohuwar kasuwar bayi da ɗakin tsafinsu suke, a cikin gari, tafiyar 'yan mintoci daga bakin ruwa.

A watan Maris na 1830 Lander ya sake dawowa Badagry da ƙanensa John, Abubakar kuma na cikin tafiyar, wadda a ƙarshenta suka bi Kwara a kwale-kwale daga yankin Busa har inda ta faɗa teku. A makarantar boko an koya mana cewa 'yan gidan Lander ne suka gano bakin Kwara, ba wanda ya taɓa ambata mana Bagobirin da ke yi musu magana da sarakuna da masu fito. Amma ga abin da ya fi shafar maganar ɗan ƙanena. Zuwan nasu ya dace da ƙarshen azumi, kuma sun rubuta cewa sun je sun kalli Musulmin Badagry suna sallar Idi a fili, sanye da riguna da rawuna, sun kuma yi maganar malaman Hausa da suka tarar a garin. A lokacin Adele, Sarkin Legas da aka tumɓuke, yana zaman gudun hijira a Badagry, kuma a cikin mutanensa akwai Hausawa Musulmi. Wato an yi sallar Idi da Hausawa a Badagry shekara 12 kafin a yi wa'azin farko a gindin itacen Agia. Ba don in tayar da gardamar addini na kawo wannan ba, mutanen garin Musulmi da Kirista da masu gargajiya zaune suke lafiya, a gida ɗaya ma wani lokaci. Na kawo ne don a san tsawon zaman.

Da la'asar muka sauka bakin ruwa muka shiga kwale-kwale mai inji zuwa Gberefu, wato tudun rairayin nan da na ambata. Hayewar 'yan mintoci ce. Daga can sai tafiyar ƙasa ta kamar minti ashirin zuwa rabin sa'a a cikin rairayi, rana na dukanka, har ka isa inda suke kira wurin da ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya da aka ce ana tilasta wa bayi shan ruwanta, wai an yi mata asiri don su manta gida. Ko an yi asirin ko ba a yi ba, wanda aka taso da shi daga Zamfara ko Katsina, aka yi wata da watanni ana jan sa, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, in ya hau tudun nan ya yi ido biyu da teku, ba ya bukatar wani asiri kafin hankalinsa ya gushe. Ni da na girma a Legas ma sai da ƙarar ruwan ta sa tsigar jikina ta tashi.

A nan ma akwai gyara. Masu jagora kan faɗi alƙaluma masu yawan gaske, har ka ɗauka duk bayin Afirka ta nan suka fita. Gaskiyar magana Wida da Legas sun fi Badagry fitar da bayi nesa ba kusa ba, kuma garin ya sha faɗuwa: a 1784 rundunar Dahomi da taimakon Oyo da Legas ta ragargaza shi, a 1851 kuma yaƙin basasa tsakanin magoya bayan Akitoye da na Kosoko, masu rigimar sarautar Legas, ya ƙone shi. Abin da ya bambanta Badagry shi ne ta tsaya ƙarama, ba a rushe tsofaffin wuraren an dasa dogayen benaye ba kamar yadda aka yi a Legas, shi ya sa ake iya ganin abin da ido.

Ina aka kai su? Yawancin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa a wancan zamani Bahiya aka nufa da su, a ƙasar Barazil. Kuma ba su manta gida ba, duk da rijiyar. A 1807 hukumar birnin Salvador ta bankaɗo wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla, aka sake yin wasu a 1809 da 1814 da hannunsu a ciki. A babban boren Musulmi na watan Janairun 1835, wanda aka shirya cikin azumi, Yarabawa ne suka fi yawa amma akwai Hausawa, kuma a jikin waɗanda aka kashe an samu layu da rubutun Larabci. Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, mutumin Jugu a arewacin Binin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An fitar da shi ta yankin Wida zuwa Barazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka a 1854. Ina tsaye a bakin ruwan ina lissafa wa yaron waɗannan, sai ya tambaye ni, "Baffa, to jikokinsu suna can har yanzu?" Na ce suna can, sai dai ba su san su ne ba.

Saura kashi na ƙarshe, wanda ya dawo da labarin har ƙofar gidanmu. Bayan da Ingila ta karɓe Legas a 1861, bayi 'yan arewa da ke hannun Yarabawa suka riƙa gudowa can neman 'yanci. A 1863 wani hafsa mai suna John Glover ya tara wasu 'yan tsiraru daga cikinsu ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya ke lissafin asalinsa. An kai su yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, an yi amfani da su a kan Ijebu a 1892, kuma rundunar da ta tsiro daga irin wannan tushe ce Turawa suka shigo da ita Arewa, ta ci Abujarmu a 1902, inda Sarki Ibrahim ya rasa ransa, ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Waɗanda aka sayar kudu, su da 'ya'yansu da waɗanda suka bi sahunsu, su ne suka dawo da kaki da harshen Hausa a bakinsu. Sai bayan duk wannan ne jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, iyayenmu 'yan goro da 'yan shanu suka kwararo suka cika Agege da Shagamu da Sabon Ibadan. Mu da muke ganin mu ne farkon zuwa, ashe 'yan baya-bayan nan ne.

Ga wanda zai je: yini guda ya isa a zaga Marina a haye Gberefu, amma a fara da safe, a bar hayewar sai rana ta yi sanyi, kuma kada a bari magariba ta yi a can. A riƙe canji, don kowane gida da kuɗin shigarsa, a kuma yi ciniki da mai kwale-kwale kan zuwa da dawowa tun kafin a shiga, a karɓi rigar ruwa a saka. Kada wanda ya ce zai gwada iyo a tekun, ruwan wurin yana ja. Mata da ke son tsaraba su shiga Agbalata, akwai kwakwa da man kwakwa da busasshen kifi da tabarmi da garin rogo mai kyau, kuma duk layin albasa da tumatir da hatsi za ka ji Hausa kamar kana kasuwar Suleja. In dare ya yi ka ji an ce Zangbeto ya fito, wato dodon nan nasu mai kama da bukkar ciyawa da ke gadin gari, ka koma masauki ka ba su wuri, al'adarsu ce. Mai sauran kwana kuma yana iya leƙawa bakin tekun Suntan a hanyar Seme, ko ya yi fasfo ɗinsa a aljihu ya ƙarasa Wida ya ga ɗaya ƙarshen labarin.

Ranar da zan taso yaron ne ya ɗauko mini jaka zuwa tasha. Muna jiran mota ta cika ya ce in rubuta masa sunan Bagobirin nan da shekarun a takarda, wai malamin tarihinsu ya ce kowa ya kawo labarin wani mutum da ya shafi garin, shi da ya yi niyyar kawo na Crowther kamar kowa. Ban da takarda a jikina, sai na karɓi biro wurin ɗan kamasho na rubuta masa a bayan katin gayyatar sunan: Abubakar Bagobiri, 1825, 1827, 1830.